Yadda Ake Nemo Tashar da Ta Dawo Kan Tauraron Ɗan Adam, da Shirye-shiryenta da Suka Wuce Ka

Tashar talabijin takan ɓace daga dikoda ba tare da sallama ba. Wata rana ka danna lambarta ka tarar da baƙin allo, bayan watanni ka ji ana cewa ta dawo, amma ka koma inda ka saba ganinta ka iske wayam. Dalili shi ne, tashar da ta dawo ba kasafai take komawa ɗakin da ta bari ba: ko dai ta yi hayar wuri a wani tauraron, ko ta tsaya a tsohon amma ta sauya firikwensi, wato lambar zangon da ake kama ta a kai, ko kuma ta sauya tsarin da take aiko da hoto. Ita kuwa dikodarka babu wanda ya gaya mata, tana nan tana ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa.

Tashar BBC Three ta Birtaniya misali ce mai kyau. An sauke ta daga talabijin a watan Fabrairun 2016 aka mayar da ita intanet zalla, sannan aka dawo da ita ranar 1 ga Fabrairun 2022, a makon da ta nuna wasannin ƙarshe na gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kamaru. Da ta dawo ba ta sami tsohon gurbinta ba. A Freeview, wato tsarin eriya na ƙasar, da tana lamba 7 sai ta koma 23, a Sky mai dish kuma daga 115 ta koma 117, kuma ba ta fara aiki sai ƙarfe 7 na yamma agogon Landan, don haka wanda ya neme ta da hantsi zai iya rantsewa cewa ba ta dawo ba. Idan haka ta faru da tasha mai gata irin wannan, ina ga ƙananan tashoshin da muke kamawa kyauta a Kano, Zinder ko Kumasi?

Fara da sanin irin dikodar da ke gabanka

Idan ta biyan kuɗi ce, kamar DStv, Canal+ ko StarTimes mai dish, aikin ba naka ba ne, domin kamfanin ne yake tura sabon jerin tashoshi ta sama. Abin da za ka yi bai wuce ka kashe ta daga soket, ka jira kamar minti ɗaya, ka sake kunnawa, sannan ka duba ko tashar tana cikin rukunin da kake biya ba, tunda sau da yawa tasha takan dawo a rukunin da ya fi naka tsada. GOtv kuwa da eriya take aiki, ba da tauraron ɗan adam ba, saboda haka dawowar tasha kan tauraro ba ta nufin za ta bayyana a cikinta. Sauran bayanin ya shafi dikodar kallon kyauta ne, irin su Strong da 'yan'uwanta da suka cika kasuwa.

Nemo lambobin kafin ka taɓa rimot

Abubuwa huɗu kake buƙata: sunan tauraron da matsayinsa a sararin sama, firikwensi, harafin H ko V wanda ke nuna ko siginar a kwance take zuwa ko a tsaye, da kuma lambar saurin saƙo da ake rubutawa SR, wadda galibi za ka gan ta 27500 ko 30000. Wuri mafi aminci da za ka same su shi ne shafin tashar kanta, sai kuma shafukan LyngSat da KingOfSat waɗanda aikinsu ke nan, kuma suna rubuta ranar da aka sabunta kowace lamba. Ka kula da wannan ranar sosai. Lambobin da ake yawo da su a zaurukan WhatsApp sukan kasance na shekarun baya ne aka sake turowa, kuma mutum zai iya ɓata yini guda yana neman tasha a firikwensin da ta bari tuntuni.

Akwai abin da masu turo lambobi ba sa faɗa, alhali shi ne ke yanke hukunci: kowane tauraro yana haska yankin da aka nufa ne kawai, kamar yadda tocila take haska inda aka juya ta. BBC Three tana kan taurarin Astra da ke digiri 28.2 gabas, amma an tsuke haskenta ya tsaya kan Birtaniya da kewayenta, don haka ko wane irin dish ka kafa a Katsina ba za ka gan ta ba, duk da cewa a wannan matsayin ne Multi TV ta Gana take haska Afirka ta Yamma ana kuma kama ta lafiya lau. Saboda haka idan ka sami sunan tauraro, ka duba taswirar haskensa ka tabbatar garinku yana ciki, ka kuma ga girman dish ɗin da ake buƙata.

Gano inda dish ɗinka yake kallo

Buɗe kowace tasha da ke aiki, ka danna maɓallin Info sau ɗaya ko sau biyu, za ka ga sunan tauraron da kake kai. A gidajen Arewa an fi samun Nilesat da ke digiri 7 yamma, Arabsat da ke 26 gabas, ko Eutelsat 16A da ke 16 gabas, wasu kuma suna da Intelsat 20 da ke 68.5 gabas. Idan sunan da ka gani ya yi daidai da inda tashar ta koma, to ka huta da hawa tsani, aikin gaba ɗaya a zaune za a yi shi. Kafin ka ci gaba, idan dikodar tana da ramin filash, ka shiga sashen USB ka adana jerin tashoshinka. Na taɓa danna Factory Reset a dikodar mahaifina ina neman tasha ɗaya, sai na goge jerin da ya shekara yana gani, wanda tashar karatun Alƙur'ani ta Makka take lamba ɗaya, labarai suna biye. Tashar da nake nema ba ta fito ba, shi kuma ya yi kwanaki yana kirana in nemo masa abin da da yake samu da dannawa ɗaya. Wannan maɓallin ba ya kawo sabuwar tasha, abin da ke ciki kawai yake sharewa.

Shigar da lambobin da hannu

Danna Menu, ka shiga Installation (idan ta nemi lambar sirri, mafi yawansu 0000 ce), ka zaɓi tauraron, ka buɗe jerin TP, wato ɗakunan da tashoshi suke haya a jikin tauraron. A ƙasan allo za ka ga wane maɓalli mai launi ne yake ƙara sabon TP. Danna shi, ka rubuta firikwensin, ka zaɓi H ko V, ka rubuta SR, ka adana.

Yanzu ka zuba ido kan layuka biyu da ke ƙasa, domin a nan mutane da yawa suke ruɗewa. Na farko, mai nuna ƙarfi, yana gaya maka ne cewa waya tana haɗe kuma LNB, wato kan da ke gaban dish, yana samun wuta. Zai iya nuna 90 ko da dish ɗin bango yake kallo. Na biyu, mai nuna inganci, shi ne shaidar cewa ka kama abin da kake nema. Idan ya tashi ya tsaya, to ka zaɓi binciken wannan TP ɗin shi kaɗai, ka sa shi a kan FTA domin kada ya kwaso maka tashoshin da aka kulle, sannan ka danna OK. Cikin daƙiƙoƙi zai gama, kuma sabuwar tashar takan faɗa can ƙarshen jeri, ba a tsohuwar lambarta ba, sai ka ɗauko ta ka mayar da ita inda kake so, ka goge tsohuwar da ta mutu.

Idan layin inganci ya ƙi motsi, ka duba saitin LNB kafin ka zargi lambobin. Ƙananan dish na santimita 60 ko 90 suna amfani da LNB na Ku, wanda saitinsa 9750/10600 ne, kuma 22K ya kasance a Auto, domin da wannan sautin ne dikoda take umartar LNB ya haura zuwa firikwensin da ya wuce 11700. Idan an kashe shi, rabin tauraron zai ɓace maka. Babban dish na C kuwa saitinsa 5150 ne, kuma lambobin tashoshinsa huɗu-huɗu ne, suna farawa da 3 ko 4. Idan duk wannan daidai yake amma shiru, sai ka koma ga Blind Scan, wanda yake bin tauraron daga farko zuwa ƙarshe ba tare da ka ba shi lamba ba. Yana ɗaukar mintuna, yana kuma iya ninka maka tashoshin da kake da su, shi ya sa na bar shi a baya.

Idan ta fito amma ba ta nuna ba

Murya ba hoto alama ce ta cewa tashar ta dawo da tsarin MPEG-4 ko HEVC, dikodarka kuma tsohuwa ce mai MPEG-2. Haka nan idan TP ɗin yana kan sabon tsarin aiko da sigina na DVB-S2, dikodar da ba ta da shi ba za ta ma gan shi ba. Waɗannan biyun ba su da magani sai sabuwar dikoda, kuma kafin ka biya ka karanta jikin kwalin da idonka. Alamar dala a gefen sunan tasha tana nufin a kulle take. Hoton da ke yankewa yana daskarewa kuwa matsalar waje ce: ko iskar damina ta ɗan goce da dish, ko ruwa ya shiga mahaɗin waya ya yi tsatsa, ko murfin LNB ya fashe da rana har zanzaro ya gina a ciki. Ka kashe dikoda daga soket kafin ka kwance waya, saboda tana tura wuta bolt 13 ko 18 ta cikinta, kuma idan siririn ƙarfen tsakiya ya taɓa ragar gefe za ta iya lalacewa.

Idan kuwa tashar ta koma wani tauraro dabam, shawarata ita ce ka kira mai saita dish. Nisan taurarin nan daga doron ƙasa kusan kilomita 35,786 ne, gocewar da ba ta kai faɗin yatsa ba ta isa ta raba ka da duk tashoshinka. Ka miƙa masa lambobin a rubuce, ka ce masa: “Malam, ba na son a taɓa na da, ƙari nake so.” Zai ɗaura LNB na biyu idan taurarin suna kusa da juna, ko ya kafa wani dish, ya haɗa su da ƙaramin akwatin DiSEqC mai baki huɗu. Kada ya tafi sai ya nuna maka wane tauraro ne a wane baki ka rubuta, ka kuma sa ya ja layi da maka a jikin sandar dish, domin ranar da iska ta juya shi ka san inda za ka mayar.

Neman abin da ya wuce ka

Lokacin da tasha ba ta kan tauraro, sau da yawa ba ta daina aiki ba, a intanet take sakin shirye-shiryenta, kamar yadda BBC Three ta yi shekara shida a iPlayer, manhajar BBC ta kallo a intanet. To amma kowane rumbu da ƙa'idarsa. Shi iPlayer a cikin Birtaniya kawai yake buɗewa, tun Satumbar 2016 sai mai lasisin talabijin, kuma tun 2019 yawancin shirye-shirye suna shekara guda a ciki maimakon kwana 30 na da. DStv tana da sashen Catch Up a dikodar Explora da manhajar DStv Stream, wanda ke bin rukunin da kake biya. Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, tana da manhajarta ta On Demand, tashoshin Hausa da dama kuma YouTube ne rumbunsu.

Wajen bincike, ka rubuta sunan shirin ba sunan tashar ba, kuma ka gwada shi da haruffa masu lanƙwasa da kuma babu su, domin wanda ya ɗora shi zai iya rubuta Dadin Kowa ko Daɗin Kowa, akwatin binciken wasu manhajoji kuma ba ya ɗaukar su a matsayin abu ɗaya. Lambar fitowa ma haka take: wani ya rubuta “kashi na 12”, wani “zango na 3”, wani ya sa da Turanci, don haka idan ɗaya bai ba ka ba ka sauya. A YouTube ka tace sakamakon da ranar ɗorawa, sannan ka dubi sunan mai shafin kafin ka danna, saboda akwai masu ɗaukar tsohon kashi su manna masa sabon hoto da sabuwar lamba, sai ka ƙona data ta minti ashirin kafin ka gane ka taɓa kallonsa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka shiga shafin tashar na ainihi ka buɗe jerin da ta ware wa shirin. Wasannin ƙwallo da finafinan waje kuwa kada ka wahalar da kanka idan ba ka gan su ba, domin sau da yawa izinin nunawa kai tsaye kawai tashar ta saya, ban da na ajiyewa.

Sa'a ɗaya ta kallo a 480p takan ci kimanin rabin gigabait, saboda haka mai lissafin data ya sauke ingancin zuwa 360p a waya, ko ya sauke shirin gaba ɗaya da datar dare. Wanda kuma tashar ta riga ta dawo masa a dikoda zai iya kafa nasa rumbun: ya soka filash, ya shiga Timer, ya sa tasha da lokacin farawa da na gamawa tare da ƙarin minti biyar gaba da baya. Sai dai ya fara gyara agogon dikodar zuwa GMT+1 idan a Najeriya, Nijar, Kamaru ko Chadi yake, GMT cif idan a Gana yake, in ba haka ba zai dawo ya tarar ta naɗar masa wani shiri dabam ba nasa ba.