Kurakuran da Ke Sa Edita Ya Ajiye Sanarwar Kasuwancinka Bai Buga Ba

Da yawa daga cikin takardun da 'yan kasuwar Jos ke turawa gidajen rediyo da jaridu da sunan sanarwar manema labarai, talla ce zalla. Edita kuwa ya san talla tun daga layin farko, kuma ya san akwai sashen da ake biyan kuɗi a sa ta. Abin da yake nema a takardarka shi ne labari: wani abu sabo da ya faru, wanda ya shafi mutanen da ke sauraro ko karantawa. Daga rashin gane wannan bambanci sauran kurakuran ke fitowa.

A ce wata Hajiya ta buɗe ƙaramar masana'antar busar da tumatir kusa da kasuwar Farin Gada. In ta rubuta cewa kamfaninta "na ɗaya a Arewa" na farin cikin sanar da jama'a ya buɗe ƙofa, ba wanda zai kira ta. Yabon kai jahilci ne, kuma ɗan jarida ba zai sa sunansa a kan iƙirarin da ba zai iya tabbatarwa ba. Amma duk wanda ya taɓa shiga Farin Gada lokacin da tumatir ya yi yawa ya ga kwandunan da ke ruɓewa saboda rashin mai saye. Nan labarin yake. Ta ce masana'antar za ta riƙa sayen kwando kaza a mako daga manoma, ta ɗauki ma'aikata kaza, za ta fara aiki ranar kaza. Wannan shi ne abin da wakilin gidajen watsa labaran Jos irin su PRTV ko Highland FM zai iya ɗauka ya je kasuwar ya tambayi dillalai, labarin ya zama nasa. Haka mai sarrafa acca ko dankalin Turawa na Bokkos da Mangu: ya tambayi kansa me aikinsa ya canja wa manomi ko mai saye, ya fara da wannan.

Kuskure na gaba ya samo asali ne daga tarbiyyarmu, shi ya sa yake da wuyar bari. Mun saba buɗe magana da gaisuwa da godiya da jero manyan baƙi da muƙamansu. A wajen taro hakan ya dace. A sanarwa kuwa sakin layi na farko dole ya amsa: wa ya yi, me ya yi, a ina, yaushe, don me. Dalili shi ne in fili ya yi kaɗan, daga ƙasa edita ke yanke rubutu. Wanda ya ɓoye ainihin maganar a sakin layi na biyar, ita za a fara zubarwa. Tarihin kamfani ya koma can ƙarshe, layi biyu ko uku, duka takardar kuma kada ta wuce shafi guda.

Sai maganar shugaban kamfani da ake sawa cikin alamar zance. Kusan kullum "muna matuƙar farin ciki" ce. A bar shi ya faɗi abin da shi kaɗai zai iya faɗa, kamar dalilin da ya sa ya zaɓi Bukuru bai zaɓi Abuja ba, ko yadda zai yi da matsalar wuta. Kuma a nuna masa kafin a tura, domin da sunansa za ta fita.

Akwai wanda nake so masu abinci, magani da man shafawa su ji da kyau. Kada ka rubuta cewa kayanka na warkar da ciwon suga ko hawan jini. Tallar irin waɗannan kaya tana buƙatar amincewar NAFDAC, ga kuma ARCON, hukumar da ta maye gurbin APCON a 2022, mai tantance tallace-tallace. Gidan jaridar da ya san aikinsa zai ajiye takardar, mara lafiyar da ya gaskata ka kuwa yana iya barin maganin asibiti. Faɗi abin da ke cikin kayan, ka sa lambar rajistar NAFDAC in kana da ita.

Yadda ake turawa ma na kashe sanarwa mai kyau. Wasu hoton takardar suke ɗauka su tura ta WhatsApp, wanda ke nufin sai ɗan jarida ya zauna ya sake buga kowace kalma. Zuba rubutun a cikin imel ko saƙon kansa yadda za a iya kwafa. Hotuna kuma a tura su a matsayin fayil, don WhatsApp na rage musu kyau, tare da sunayen waɗanda ke ciki daga hagu zuwa dama. A ƙasa a sa lambar wanda zai ɗaga waya da gaske. Kada a watsa wa mutum hamsin saƙo ɗaya. Nemi wakilin da ke ɗauko labaran kasuwanci ko noma, ka kira sunansa. Wakilin Kamfanin Dillancin Labarai na Najeriya (NAN) ya cancanci kulawa ta musamman, tunda wasu jaridu daga wurinsu suke ɗaukar labari. In taro ne, gayyata ta isa kwanaki kafin ranar, sanarwar kuma ta isa da safe, kafin a rufe shafuka da yamma.

In Aminiya ko Leadership Hausa ko shirin Hausa na rediyo kake nufa, rubuta da Hausa tun asali, da ƙ da ɗ da ɓ a inda suke. Fassarar na'ura tana bayyana nan take. Ta rediyo kuma jimlolinta su zama gajeru, ka karanta da ƙarfi ka ji ko numfashi na isa.

Game da ambulan da ake miƙawa da sunan kuɗin mota: ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun hana ɗan jarida karɓar kyauta don buga labari ko danne shi. In fili kake so a ba ka tabbas, je sashen talla ka biya ka karɓi rasit. In labari ka tura, kira sau ɗaya washegari ka ji ko ya isa, ka tambaya ko akwai ƙarin bayanin da ake buƙata.