Zaɓen littafin kasada da kogonsa zai zauna a duniyarka

Idan kai ke jan wasa irin Dungeons & Dragons (wasan tebur da 'yan wasa ke zama jaruman labari, mai jan wasa yana bayyana musu abin da suka tarar) a duniyar da ka ƙirƙira da kanka, kada labarin bayan littafi ya ruɗe ka in za ka sayi littafin kasada, wato mai ɗauke da shiryayyen labari da taswirar kogon da za a yi wasa a ciki. Ni taswira nake fara buɗewa. Ƙofa nawa kogon yake da ita? Hanyoyinsa suna zagayowa su haɗu, ko kuwa miƙaƙƙiya ce guda daga baki har ɗakin babban dodo? Mai ƙofa ɗaya sau ɗaya ake cin moriyarsa. Shi ya sa nake ƙaunar littafin Caverns of Thracia da mai tsara wasanni Jennell Jaquays ta fitar a 1979: matakalai da ɓoyayyun hanyoyi sun haɗa hawa da hawa, yau 'yan wasa su shiga ta nan, gobe ta can.

Sai ka duba mazauna ciki. A littafin The Keep on the Borderlands na Gary Gygax, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro wasan, ƙabilun dodanni ne ke zaune a kogwannin kwari ɗaya, wasunsu ba sa ga maciji da juna. In 'yan wasa suka kori wata ƙabila, bar maƙwabta su mamaye gurbinta, kogon ya sake cika.

Kafin ka saya, share sunan sarki da na gari a ranka, ka sa naka. In rabin labarin ya rushe, ajiye littafin.