Yadda nake yin gawayi daga totuwa da ɓawon gyaɗa a Garwa

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina tuyar ƙosai da safe, da yamma in soya kifin Binuwai, a unguwar Yelwa a nan Garwa. Duk mai irin wannan sana'a ta san wuta ce take cinye riba, fiye da wake da mai. Da damina, in hanyoyin daji suka lalace, buhun gawayi yakan yi tsadar da sai ki tsaya kina lissafi a gaban mai sayarwa. Su kansu masu kawowa suna faɗa cewa yanzu sai sun yi nisa ƙwarai kafin su sami itacen kirki.

Goggona da ke aure a Kusuri ce ta koya mini abin da zan bayyana a nan. Ta ga abin da ya faru a tsallaken kogi a farkon shekarar 2009, lokacin da gwamnatin Chadi ta hana gawayi a Njamena don a daina sare itatuwa, mata suka koma girki da kashin shanu da ƙwallon goruba. Da ta zo mana ziyara bayan kaka, ta ga ana cinna wa tarin totuwa wuta a bayan gida, sai ta ce da ni, "Ɗiyata, wannan da kuke ƙonawa don ku huta da shi, shi ne zai dafa miki wake." A wannan makon muka sayi duro.

Kafin in shiga aikin, akwai abu ɗaya da ɗana da ke lise, wato makarantar sakandare, ya warware mini, don ni da na ji ana maganar "kwal mai tsafta" a rediyo na ɗauka irin gawayina ake nufi. Ashe kwal daban, gawayi daban. Kwal daga ƙarƙashin ƙasa ake haƙo shi, irin na Inugu a Najeriya ko na Anu Araren a Nijar, manyan tashoshin lantarki suke ƙona shi. Tsaftar da ake faɗa ita ce a tace hayaƙin, a kama iskar kabon da ke ɗumama duniya a tura ta can cikin ƙasa, kamar yadda wata tasha mai suna Boundary Dam a Kanada ta fara a 2014. Aiki ne mai tsada, tashoshin da suke yi ma ba su da yawa. Mu a Kamaru ba mu da tashar kwal. Yawancin wutarmu ta arewa daga madatsar Lagdo take, wadda aka gama a 1982, ga kuma tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gider. Hayaƙin da ke hannunmu mu mata a murhu yake, da kuma ramin gawayi a daji, inda ake cinye kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a sami kilo ɗaya na gawayi. Nan ne nake ganin za mu iya taɓuka wani abu.

Ki fara da tara kaya. Totuwar masara ita ce gaba a wurina, don tana da nauyi kuma tana ba da gawayi mai ƙarfi. Ɓawon gyaɗa na biye, ana samun sa a wurin masu ɓarza da masu ƙuli-ƙuli, wani lokaci kyauta. Karan auduga ma yana yi sosai, kuma dama manoma tuge shi suke su ƙone bayan an gama tsinka saboda ƙwari. Ki sassare shi gajeru kamar tsawon tafin hannu. Buntun shinkafa, irin wanda ke tare a wajen Yagwa, ba na ba da shawararsa ga mai farawa: toka ta yi masa yawa, kuma yakan toshe duro ya hana iska wucewa. Harawa da karan dawa kuwa ki bar wa dabbobi da masu danga. Kada kuma a share gona tas, ƙasa ma tana son abin da zai ruɓe a kanta. Komai ya bushe ƙayau. Shi ya sa lokacin aikin nan daga Nuwamba ne zuwa Afrilu.

Sai duro na ƙarfe mai cin lita 200. Ki tabbata ba a taɓa zuba maganin ƙwari a ciki ba, in na mai ne a wanke, a ƙone shi fanko sau ɗaya. Ki kai wa maƙeri ya yanke babban baki a sama wanda hannu biyu za su shiga, ya ajiye miki wani faifan ƙarfe da ya fi bakin faɗi don murfi. A gindin kuma ya huda ramuka biyar ko shida, kowanne kamar faɗin bakin kofin shayi. Ki ɗora duron a kan duwatsu uku a fili, nesa da zana da rumbu, ki duba inda iska take kaɗawa saboda maƙwabta.

Wajen lodi, ki tsayar da taɓarya ko wani katako mai kauri a tsakiya, ki zuba kayan a kewaye ba tare da dannawa ba. In ya cika sai ki zare taɓaryar a hankali, ramin da ta bari shi ne hanyar hayaƙi. Ki cusa busasshiyar ciyawa a ramukan gindi ki kunna daga ƙasa.

Yanzu aka zo wurin da gwaninta take, kuma a nan ne na yi asarar duro uku a farkon koyona. Hayaƙi ne zai gaya miki lokaci, agogo ba zai taimake ki ba, don totuwa da ɓawon gyaɗa ba sa ci da sauri ɗaya. Da farko zai fito fari fat, mai kauri, wannan yawancinsa ruwa ne ke fita. Bayan ɗan lokaci sai ya koma rawaya-rawaya, yana yaji a ido. Wannan hayaƙin yana kama wuta, don haka ki kunna tsinken kara ki miƙa a bakin duro daga gefe, fuskarki a nesa. In ya kama, harshen wuta zai tsaya a sama, hayaƙin ya kusan ɓacewa. Kada ki tsallake wannan. A cikin hayaƙin nan akwai iskar mitan, wadda ta fi iskar kabon riƙe zafi nesa ba kusa ba, kuma ita ce ramukan gawayi na daji suke saki kwana da kwanaki babu mai ƙona ta. Ƙona ta kuma yana raba ki da rigimar maƙwabta.

Ki bar harshen ya ci har ya fara ja da baya, kayan ciki sun sauka zuwa wajen rabi, kin leƙa kin ga na sama ya yi baƙi. To, ki rufe. Ki ɗora murfi, ku biyu ku kama duron da tsumma mai kauri ko sanda ku zare duwatsun ya zauna a ƙasa, ki tara yashi a kewayen gindi, ki shafe gefen murfi da jiƙaƙƙiyar laka. Duk inda kika ga zaren hayaƙi yana fita, ki toshe. In kika rufe da wuri za ki tarar da totuwa ja a ciki ba ta nuna ba. Wannan da sauƙi, sai ki mayar da ita a duro na gaba. In kika makara kuwa, ko kika bar kafa, toka za ki kwasa. Ni da la'asar nake kunnawa, ba na buɗewa sai gari ya waye, don gawayin da bai huce ba da ya sha iska yake sake kamawa.

Sai daka gawayin da kika kwasa ya zama gari, wannan ba shi da wuya. Ki ɗaura ɗankwali a hanci, ki yayyafa ruwa kaɗan don ƙura, ki daka a tsohon turmi ko ki zuba a buhu ki tattake, ki tankaɗe da rariya mai manyan ido. Garin gawayin da ke taruwa a gindin buhunan 'yan kasuwa ma ina saye da arha in haɗa, yana ƙara ƙarfin wuta.

Abin da zai riƙe garin shi ne kunun rogo. Awona shi ne kwano 20 na garin gawayi, kwano ɗaya na garin rogo, kwano biyu na yumɓu da aka jiƙa aka tace. Ki dama garin rogon da ruwan sanyi, ki zuba a tafasasshen ruwa kina juyawa har ya yi yauƙi kamar koko mai kauri. Ki zuba a kan garin tun da ɗuminsa, ki cuɗa sosai. Gwajin shi ne ki dunƙula a hannu: in ya tsaya bai wargaje ba, kuma ruwa bai ɗiga ta tsakanin yatsu ba, ya yi. Yumɓu yana sa wuta ta daɗe, amma in kika wuce ƙima zafin zai mutu, toka ta cika murhu. Na ga masu zubawa da yawa don nauyi ya ƙaru a wajen sayarwa, kuma ba na goyon bayan haka, mai saye sau ɗaya za ta zo.

Kina iya mulmulawa da hannu kamar fura, amma wanda aka matse ya fi daɗewa a wuta. Maƙerin da ya huda mini duro ya yanko guntun bututun ƙarfe, tsawon ɗan yatsa da rabi, da wani ƙarfe mai faffaɗan kai da ke shiga ciki. Ina cikawa, in buga da guduma sau uku, in turo shi waje. Gwangwanin tumatir da aka cire wa gindi ma yana yi. In kika soka kara a tsakiya kika bar rami, zai fi saurin bushewa da kamawa.

Ki shanya a kan kwanon rufi ko tabarma. A zafin Maris da Afrilu na Garwa kwana uku sun isa, da hunturu ki ba shi biyar, kina juyawa. Ki fasa ɗaya ki duba cikinsa, don waje yakan bushe ciki da danshi. Ki kuma saki ɗaya daga daidai ƙugu: in ya rabu biyu ba laifi, in ya zama gari, rogo ya yi kaɗan.

Gaskiyar da zan faɗa miki ita ce bai kai gawayin itace saurin kamawa ba, sai kin sa 'yan ƙirare kin yi fifita. Mai son shayi cikin gaggawa ba zai ji daɗinsa ba. Amma ga dahuwar wake, da tuwo, da tuya mai tsawo irin tawa, wutarsa a kwance take ba ta tartsatsi. Ki riƙa girgiza murhu toka ta sauka, kada ki tsokane shi da ƙarfe ya farfashe. Shi ma yana fitar da iskar kabon, sai dai tasa masarar bana ce ta zuƙe ta daga sama, ta baɗi kuma za ta sake zuƙa, itacen da zai yi shekaru kafin ya girma kuwa yana nan tsaye. A wurina yanzu buhu ɗaya nake saye a inda da nake sayen biyu.

Kada rashin hayaƙinsa ya ruɗe ki ki shigar da shi ɗaki da sanyin Disamba ki rufe ƙofa. Kowane irin gawayi yana fitar da wata iska marar wari marar launi da take kashe mutum yana barci, wannan ma haka. A tsakar gida ko a madafa mai taga za ki yi amfani da shi. Wanda kika tara don damina kuma ki zuba a buhu ki ɗora a kan katako a inda ba ya yoyo, don da ya sha danshi kunun rogon yake saki.