Kiwon murjani a Maraɗi: ruwa za ka fara kiwo

Shekara shida ke nan ina kiwon murjani mai rai, wata halittar teku mai kama da tsiro, a akwatin gilashi mai cin lita 200. Ranar da ɗan yayata ya ce shi ma zai fara, tambayarsa ta farko ita ce, "Kawu, wane kifi zan saya?" Nan ake gane sabon shiga. Shi idonsa na kan launin kifi, wanda ya daɗe kuwa ruwa yake dubawa kafin komai.

Nijar ba ta da teku, don haka haɗa ruwan za ka yi da hannunka. Gishirin miya ko na Bilma ba zai yi ba, domin murjani da kalsiyam yake gina ƙashinsa. Gishirin da aka haɗa musamman don wannan kiwo za ka sa a kawo maka, ka dama shi da ruwan da ya bi ta matacin RO, na'urar da ke tace gishiri da datti daga ruwa, har ma'aunin gishiri ya nuna 1.025. Kada jan ƙarfe ya taɓa ruwan, guba ne ga murjani.

Ka jera duwatsu, ka zuba yashi, ka kunna injin juya ruwa, ka ɗan jefa abincin kifi ya ruɓe, sannan ka bar akwatin ba kifi mako huɗu zuwa shida. A lokacin ne ƙwayoyin bakteriya masu amfani ke yaɗuwa, su mayar da amoniya, gubar da ruɓa ke haifarwa, nitirayit, shi ma guba, nitirayit kuma nitirat mai sauƙin illa. Sai gwaji ya nuna amoniya da nitirayit sun koma sifili za ka sa kifi biyu, ba goma ba. Sauri ya haifi nawa.

Babban abokin gabarmu zafi ne. Murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 27, mu kuwa a Afrilu da Mayu iska kan wuce 40. A bazarata ta biyu wuta ta ɗauke da azahar ina kasuwa. Kafin la'asar ruwan ya kai 32. Cikin kwana uku reshen murjanin da na raina wata takwas ya yi fari fat kamar alli. Akwai ƙananan tsirrai da ke zaune a cikin naman murjani, su ke ba shi launi da yawancin abincinsa; zafi ya yi yawa sai ya kore su. Har yau ina jin ciwon abin.

Tun daga nan na sa fanka tana hura saman ruwa, dabarar randa ce, tururi ya tashi ruwa ya yi sanyi. Ina kuma ajiye gorunan ƙanƙara rufaffu don ranar gaggawa. Batir da sola kuwa, injin juya ruwa na fara haɗa musu kafin fitila: murjani zai jure kwana ɗaya cikin duhu, amma ruwa in ya tsaya iskar shaƙa ke ƙarewa.

Ruwan da fanka ta ɗauke, gishirinsa yana nan cikin akwati. Sabon shiga yakan cika da ruwan gishiri, ya ƙara tsananta shi. Da tataccen ruwa marar gishiri ake cikawa, kullum, zuwa layin da ka shata a jikin gilashi. Da hunturu ka kare akwatin daga ƙura, ka kuma kunna abin ɗumama ruwa da dare.

Sabon shiga in ya ga murjani ya tsuke, sai ya canza fitila, ya zuba magani, ya sake rabin ruwa rana ɗaya. Ni kashi goma cikin ɗari nake canzawa duk Juma'a, in auna alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na jure tsami, ya tsaya wajen 8 a ma'auninsa na dKH, kalsiyam wajen miligiram 420 a lita, in rubuta a littafi. Abu ɗaya nake taɓawa, in jira mako.

Ɗan yayata na ba shi ƴan yankan murjanin Zoanthus masu taushi, masu juriya. Acropora, murjani mai tauri mai wuyar kiwo da yake ta kwaɗayi, na ce sai ya kawo mini littafinsa na shekara guda, da bazara a ciki.