Kafin yara su kalli fim ɗin cin amanar aure

Fara duba alamar shekaru. R a Amurka na nufin wanda bai kai shekara 17 ba sai da babba; ita aka ba fim ɗin Fatal Attraction na 1987.

Alama kaɗai ba ta wadatar. Karanta sashen jagorar iyaye a IMDb, shafin intanet na bayanan fina-finai, sannan ka kalli fim ɗin kai kaɗai tukuna. Iyaye kan tsallake wuraren tsiraici su ɗauka shi ke nan, alhali abin da ke hana yaro barci daban ne. A Fatal Attraction, farkar wani magidanci ta dafa zomon 'yarsa a tukunya, daga baya ta ɗauke yarinyar daga makaranta. Yaro zai fara fargabar gidansu ma zai watse, don haka kada a nuna masa. A Netflix, kulle ɓangaren manya da lambar sirri.