Yadda ake karanta tsohon rubutun hannu na Sikotland

Duk wanda ya buɗe rajistar coci ta shekarun 1600 a ScotlandsPeople, shafin intanet na tsofaffin takardun tarihin Sikotland, kallon farko zai ɗauka jagwalgwalo ne. Alhali salo ne mai ƙa'ida, rubutun sakatare, wanda magatakarda suka yi amfani da shi daga ƙarni na 16 har cikin na 18.

Da farko, nemi wasiyya ko rajistar baftisma, domin kalmominsu maimaituwa suke yi. Idan ka gane "umquhile", wato marigayi, ka samu haruffan da za ka auna sauran da su.

Daga nan sai ka ɗauki takarda ka zana baƙaƙen magatakardan ɗaya bayan ɗaya, yadda shi yake yin su. A ganina nan aikin yake. Wanda ya saba da tsofaffin takardun ajami ya san kowane malami da hannunsa. Harafin e yakan juya baya ya yi kama da o, c ya yi kama da r, doguwar s kuma ta zama kamar f marar sanda, h kuwa jelarta tana sauka ƙasan layi. Akwai tsofaffin haruffa biyu masu ruɗi. Ɗaya kamar y yake amma sautinsa "th" ne, shi ya sa "ye" ke nufin "the". Ɗayan, yogh, masu ɗab'i suka maye gurbinsa da z, dalilin da har yau ake rubuta sunan iyalin Menzies haka amma a furta Mingis.

Ka tuna harshen Sikots kake karantawa, ba Turancin Ingila ba. "Quh" yana madadin "wh", don haka "quhen" shi ne "when". Kalmar da ta gagare ka, duba ƙamus ɗin Dictionaries of the Scots Language a intanet, kyauta ne.

Sai shekara da kuɗi. "Jaj vjc" na nufin shekarar 1600. Kafin 1600 sabuwar shekara a Sikotland tana kamawa ne ranar 25 ga Maris. Fam ɗin Sikotland kuma, a 1707, goma sha biyu ne ke yin fam ɗaya na Ingila.

In ka zo kwafewa, rubuta abin da idonka ya gani kawai, kada ka gyara wa magatakarda. Inda ka kasa, bar gurbi ka wuce. Sau da yawa kalmar tana sake fitowa a shafi na gaba da hannu mai kyau.