Darasi na 9: Yadda Hankali Ke Rage Raɗaɗin Ciwo

Manomi yana huɗa tun safe, ƙaya ta soke shi a dunduniya, bai ji ba sai da ya zauna shan fura. Ƙayar tana nan tun ɗazu, hankalinsa ne ba ya wurin.

Idan aka ji ciwo, jijiyoyi ne ke ɗaukar saƙo, su bi ta laka, su kai ƙwaƙwalwa. A can aikin yake rabuwa biyu. Wani sashe yana gane inda ciwon yake da ƙarfinsa. Wani sashe kuma, can wajen tsakiyar gaban ƙwaƙwalwa, shi ke sa abin ya dami mutum har ya rasa inda zai sa kansa. Ku riƙe wannan da kyau, don a nan darasinmu ya rataya.

Likitoci suna da wata dabara da ake kira hifnosis. Mai jinya zai zauna ya saki jiki, likita yana yi masa magana a hankali har hankalinsa ya tattaru wuri guda. Sai ya ce masa, misali, "Hannunka yana yin sanyi, yana yin nauyi." Ba barci ba ne, domin na'urar auna aikin ƙwaƙwalwa tana nuna mutum a farke yake. Ba tsafi ba ne, ba kuma aikin iskoki ba. Yana jin komai, in ya ga dama ya buɗe ido ya tashi.

Dabarar ta daɗe. Tun 1845 wani likita ɗan Sikotilan, James Esdaile, yake yi wa mutane tiyata a Indiya da irinta, kafin maganin sa barci ya yaɗu.

Amma sai a 1997 aka ga abin ƙiri-ƙiri. Pierre Rainville da abokan aikinsa a Kanada sun sa mutane tsoma hannu cikin ruwan zafi mai digiri 47, na'ura tana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Ruwan bai canza ba. Da aka sa su cikin hifnosis aka ce musu zafin ba zai dame su ba, sashen nan na damuwa ya lafa. Da aka ce zai dame su sosai, ya ƙara aiki. Shi kuwa sashen da ke gane inda ciwo yake, bai nuna wani bambanci ba. Wato suna jin zafin, amma ya rage cin ransu. A birnin Liyej na Beljiyam, tun 1992 ake haɗa dabarar da allurar kashe zafi a yi tiyata, daga baya har da aikin maƙoƙo, mai jinya yana farke.

Sai dai ba kowa take kamawa daidai ba. Kamar mutum 10 zuwa 15 cikin 100 ne take kamawa sosai, yawancinmu tsaka-tsaki ne. Kuma ba ta warkar da cuta. Mai sikila da ciwo ya taso masa, ko mai ciwon ciki mai tsanani, a kai shi asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya ko asibiti mafi kusa, kada a tsaya lallashi. Mai fama da taɓin hankali kada ya gwada sai da izinin likita. Wanda duk ya ce zai cire muku cuta da kallon ido, kuɗinku yake so.

Aiki: Wannan ba hifnosis ɗin likita ba ne, somin-taɓi ne, amma yana taimakawa wajen allura ko wankin gyambo. Ku zauna, ku kafa ido a kan abu guda. Ku ja numfashi ta hanci kuna ƙirga 4, ku sake shi a hankali kuna ƙirga 6. Ku tuna wurin da kuka sani sarai, kamar hanyar Ƙofar Doka zuwa gidanku, ku bi ta a zuci, shago bayan shago. Ku yi minti 5.

Ku rubuta a littafinku: wane sashen ƙwaƙwalwa ne ya lafa a gwajin 1997? Waɗanne ciwo ne ba a jira da su a gida?